DAGA MAZARI ZUWA INJIN CASA: YADDA SANA'A KE SUƁUCE WA MATANMU

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Makon jiya na je gida Katanga wajen suna. Bayan an shafa fatiha an raba goro, muka koma inuwa ana hira, har magana ta kai ga ƙungiyoyin matan nan da aka kakkafa a Maiyama ana ba su jari. Sai wani ƙanena, ɗan boko ne kuma yana da karatun addini daidai gwargwado, ya dube ni ya ce: "Yaya, duk wannan zancen kasuwancin mata da shugabancin mata fa ajandar Turawa ce. Mu a wurinmu mace da ɗaki aka san ta." Mutane da dama suka gyaɗa kai.

Ban tanka ba, don wurin suna ba wurin gardama ba ne. Amma abin ya tsaya mini a rai. Shinkafar da ke gabanmu a lokacin, wata tsohuwa ce a bayan gidanmu ta turara ta, ta shanya, ta kai casa, ta auna ta sayar. Man da aka yi miya da shi mace ta matse shi. Daddawar mace ta dafa kalwarta. Kuɗin ragon ma, ba boyayyen abu ba ne a gidan, sai da aka haɗa da kwasar adashen mai jego sannan suka cika. Muna cin kasuwancin mata da hannun dama, muna musun akwai shi da baki.

Ni kuwa ba ni da bakin musu. Kuɗin jarrabawata ta gama sakandare daga tukunyar ƙuli-ƙulin Innarmu suka fito. Wadda ke ɗaukar tiren ta zaga gari da shi tun da hantsi, Yayata ce, wadda ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Ni na yi digiri na samu aikin gwamnati, ita ko aji huɗu na firamare ba ta gama ba. Saboda haka in na yi magana a kan wannan al'amari, bashi nake ƙoƙarin ragewa.

Bari mu koma baya kaɗan, mu ga ko da gaske baƙon abu ne.

Ƙasar nan tamu ta Jega tana tsakiyar tarihin jihadi. Gimbana, garin Malam Abdussalami da Gobirawa suka kai wa hari, abin da ya zama sanadin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804, nan kusa da mu take. Bayan rasuwar Abdussalami a 1818, ɗansa Buhari ya yi mubaya'a ga Gwandu, ya kafa Jega wajen 1820 a bakin gulbin Zamfara. Kafin ƙarshen ƙarnin, Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular baki ɗaya. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro nan suke yada zango. Gishirin Foga na shigowa daga yamma, kayan Nufe da Ilori na haurowa daga kudu, tufafin Kano na gangarowa daga gabas. Har bayi ana sayarwa, wannan ma gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba.

To a duk kayan da ake hada-hada da su a wancan zamani, babu wanda ya kai tufa daraja. Bature Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851 ya kuma ratsa Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano kaɗai ke fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla. Littattafan tarihi sukan yi ta yabon masaƙa da marina da mabuga da fatake, kuma sun cancanci yabo. Amma a tambaya mana: zaren fa, wa ya kaɗa shi?

Mace ce. Ita ke gurje auduga ta fitar da gurya, ta shiɓe ta da baka, ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari. Abawa da siririn zare duk daga hannunta suke fitowa. Masaƙi ɗaya sai mata da yawa sun yi kwanaki suna kaɗi kafin ya samu abin da zai ɗora. Ke nan babbar masana'antar ƙasar Hausa a ƙarni na 19 a kan yatsun mata take tsaye, 'ya'ya da bayi, na birni da na ƙauye. 'Yantacciyar mace kuwa zarenta nata ne, ta sayar ta riƙe kuɗinta, ta sayi akuya, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950, zai ga yadda kaɗi da adashe da biki da ƙawance suke a matsayin tattalin arzikin mata mai zaman kansa a cikin gida.

Sai Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Abubuwa biyu suka biyo baya waɗanda suka shafe mu kai tsaye. Na farko, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya reshensa ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929. Hanyar kaya ta koma bin dogo, ayarin jakuna ya ja baya, Jega ta rage ƙarfi. Na biyu, kamfanin auduga na Ingila, wanda aka sani da BCGA, ya kafa injinan gurza a wurare irin su Zariya da Funtuwa da Gusau. Aka riƙa saye audugar daga gona a wuce da ita Ingila, a dawo mana da ita a matsayin yadi mai araha. Masaƙa sun yi ta fama shekaru da yawa, ba a rana ɗaya suka faɗi ba. Amma sannu a hankali zaren inji ya maye gurbin zaren hannu. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, maza ne suka cika ta. Mazari ya koma abin da ake gani a ɗakin kaka.

A lura da abin da ya faru a nan, don shi ne ƙashin bayan wannan rubutu. Ba a daina kaɗi a duniya ba. Kaɗi ma ƙaruwa ya yi, ribarsa ta ninka. Abin da ya canza shi ne mai shi. Muddin sana'a tana matakin turmi da taɓarya da gumi, ta mata ce, ba mai yi musu gardama. Ranar da inji da jari da takardar banki suka shigo cikinta, sai ta sauya hannu.

Ba sau ɗaya aka yi haka ba. Waɗanda suka kai shekaruna sun san lokacin da mata ke karɓar surfe da daka da niƙa ana biyansu. Injin niƙa ya zo, ya sauƙaƙa wa iyayenmu wahala, Alhamdulillahi. Amma a zaga garuruwanmu a ƙirga injinan da mace ta mallaka. Matar da a da ake biyanta ladan niƙa, yanzu ita ke aika yaro da kuɗin niƙa. Man gyaɗa ma haka: injin markaɗe da na matsa sun shigo, man gwangwani da na jarka sun cika kasuwa, mai ƙuli-ƙuli tana nan da kaskonta inda kakarta ta bari.

Na baya-bayan nan shi ne shinkafa, kuma a idonmu aka yi. Ranar 17 ga Nuwamba 2015 marigayi Shugaba Buhari ya zo nan Kebbi ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoma rance, wanda ake kira Anchor Borrowers. A ƙarshen 2016 aka fito da Lake Rice, haɗin gwiwar Kebbi da Legas. A 2017 aka buɗe kamfanin WACOT a Argungu, ga Labana a Birnin Kebbi. Sunan jiharmu ya ɗaukaka, manoma da yawa sun ga alheri, wasu sun yi gini, wasu sun sauke farali. Ban zo in kushe wannan ba, kuma kamfani bai yi laifi ba don ya sayi shanshera. Tambayata ita ce: kafin duk wannan, wa ke sarrafa shinkafa a ƙasar Kabi? Matan da ke jiƙawa, su turara a tukunya ko rabin duro, su shanya a tabarma, su sheƙe, su auna da kwano. Su ne ƙwararrun wannan fanni tun kaka da kakanni. Da kuɗi suka shigo harkar, rancen ya bi mai gona, gona kuwa galibi da sunan namiji take. Mai turara buhu biyu a mako ta wayi gari tana takarar sayen shanshera da mai loda tirela.

A leƙa Aliero lokacin kakar albasa. Motoci na lodi zuwa kudancin ƙasar nan da ƙasashen maƙwabta. Mata na nan a cikin harkar, su ke daka lawashi su yi gabu, su ke sayar da ta kashi a cikin gida. Amma a tsaya a ƙirga mata nawa ke da rumbun ajiya ko ke loda mota da sunansu. Kowa ya san amsar.

Wani zai ce, to ai kulle ne ya jawo, mace ba ta fita kasuwa. Kulle bai taɓa hana matan Hausa ciniki ba. Wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da bincike a 1969 a kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki na ƙasar Hausa. Ta nuna cewa gidajen garin kansu kasuwa ce, hatsi da abinci na yawo daga wannan gida zuwa wancan, mata ke yanke farashi ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Bayanta Enid Schildkrout ta yi nata binciken a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta gano igiyar da ke riƙe da wannan kasuwa: yara, musamman 'yan mata. Su ke sayo kayan haɗi, su ke talla, su ke karɓo bashi, su ke kawo labarin farashi.

Nan ne ciwon yake, 'yan'uwa. Kasuwancin uwa a ƙasarmu da ƙafar ɗiyarta yake tafiya. Duk ranar da yarinya ta tafi makaranta, tiren uwarta ya kwana. Duk ranar da ta ɗauki tire, darasi ya wuce ta. Muna zagin talla a kan mumbari da rediyo, kuma talla na da illolin da ba sai an faɗa ba, amma ba mu taɓa zama mun tambayi uwar me za ta ci in ta daina ba. Kebbi na cikin jihohin da ke sahun gaba wajen yawan yaran da ba sa zuwa makaranta. Akwai talauci, akwai tsoron da ya shiga zukatan iyaye tun sace ɗaliban Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, amma tire ma na da nasa kason. Yarinyar da ba ta iya karatu da lissafi ba za ta girma ta gaji kaskon uwarta, ita ma ta ɗora wa tata ɗiyar tire. Haka abin ke zagayawa. Yayata ta shiga wannan zagaye, ni aka fitar.

Abin da ya sa ban yanke ƙauna ba shi ne, an taɓa fuskantar matsala mai kama da wannan a ƙasar nan, kuma mace ce ta warware ta.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, an haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Ta tashi cikin hijira da yaƙi, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima wanda ya zama Wazirin Sakkwato, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ayyukanta kusan 60 sun iso gare mu. Mahaifinta tun farko ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, maganar na nan a cikin Nurul Albabi. Bayan an ƙare yaƙe-yaƙe, daula ta cika da matan karkara da waɗanda aka kamo, da yawansu ba su san ko farillan alwala ba. Ga su a warwatse a ƙauyuka, ga aure da goyo sun ɗaure su, ba su iya zuwa Sakkwato ko Wurno neman ilimi.

Me Asma'u ta yi? Ba ta ce a fito da matan aure kan hanya ba, ba ta kuma ce tunda ba sa fita shi ke nan a bar su ba. Wajen shekarun 1830 zuwa 1840 ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. A kowane yanki sai a zaɓi dattijuwa mai hankali da amana, wadda ta wuce shekarun haihuwa, a naɗa ta Jaji. Asma'u da kanta ke ɗora mata malfa ta naɗa mata jan rawani. Jaji ke jagorantar ayarin tsofaffi da 'yan mata ƙanana su zo wurinta, su ɗauki karatu a cikin waƙoƙin da ke da sauƙin haddacewa, su koma su karantar da matan da ke cikin gidaje. Sukan zo da sadaka ta hatsi da zuma da zane da makamantansu, a raba wa mabuƙata. A garuruwansu kuma su ke wankan gawar mata, su duba marasa lafiya, su sasanta rigingimu.

Akwai hikimomi uku a nan da ya kamata mu tsaya a kansu.

Ta farko, sunan da ta zaɓa. Jaji kalmar fatake ce, mai jan ayari a gaba. Asma'u ta ɗauko muƙami daga duniyar kasuwanci ta maza ta ba mace. Malfar kuwa a da alama ce ta Innar Gobir, babbar mace mai iko a fadar Gobir wadda ke shugabantar mata da 'yan bori. Ba ta jefar da alamar da mata suka saba girmamawa ba, ta canza mata ma'ana ne. Ke nan shugabancin mata a wannan yanki ya girmi jihadi, jihadi kuma bai kashe shi ba, gyara shi ya yi.

Ta biyu, wadda ta ɗora wa nauyin zirga-zirga. Dattijuwa ce ke gaba, ita ke ɗauke da amana tsakanin cikin gida da waje. 'Yan matan da ke bin ayarin kuwa karatu suke zuwa ɗauka. Mu a yau mun juya abin: mun zaunar da dattijuwa, mun tura 'yar shekara tara tasha da tire.

Ta uku, ta gina abin da ya fi ta tsawon rai. Da ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba. Tsarin ya ratsa zamanin Turawa bai mutu ba. Jean Boyd, wadda ta yi shekaru da yawa a Sakkwato ta kuma wallafa tarihin Asma'u a 1989, ta tarar da 'Yan Taru da jajinsu suna nan suna aiki. Har a Amurka wasu Musulmi baƙaƙen fata sun ɗauki sunan da tsarin suna karantar da matansu. Shugabanci ke nan. Ba ta nemi sarauta ba, ba ta tara dukiya ba, ta san abin da take so ta cim ma, ta kuma horar da waɗanda za su riƙe shi bayanta. Duk wanda ke aiki, mace ko namiji, ɗan kasuwa ko ma'aikaci irina, ya kamata ya tambayi kansa: in na bar wurin nan yau, me zai ci gaba da tafiya?

Ga masu cewa addini ya hana, ni ba malami ba ne, amma akwai abin da ɗan Islamiyya ma ya sani. Uwar Muminai Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, attajira ce mai tura ayari Sham, kuma ta hanyar kasuwancinta ta san amanar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A shari'a sadakin mace nata ne, gadonta nata ne, ribar sana'arta tata ce, ciyarwa kuma a wuyan miji take ko da ta fi shi kuɗi. A Ingila sai a 1882 doka ta ba matar aure cikakken ikon mallakar dukiyarta. Abin da suka samu jiya-jiya, mu an ba mu shi fiye da shekara 1,400. Sai dai mu tambayi kanmu tsakani da Allah: gonaki nawa na gado ne a garuruwanmu 'yan'uwa maza suka riƙe da sunan "muna noma miki", shekara ashirin ba awo ba lissafi? Mata nawa ne jarinsu ya narke a cefanen da ba nasu ba ne, da sunan rance, ba a biya ba har yau? Wanda ke neman inda aka saɓa wa shari'a a wannan babi, ga wurin dubawa. Daidaiton da nake magana a kai bai wuce wannan ba: a ba ta haƙƙinta, a bar ta ta juya shi, ƙofar rance da ta horo da ta kasuwa a buɗe mata kamar yadda aka buɗe wa ɗan'uwanta.

In kuma ana ganin sana'ar cikin gida ba ta girma, a dubi Indiya. A 1959 mata bakwai a birnin Bombay suka ranci rufi 80 suka fara murza wata 'yar waina busasshiya da ake kira papad a saman rufin gidansu. Suka kafa ƙungiyar da aka sani da Lijjat. Tsarinsu shi ne a karɓi ƙullu da safe a cibiya, kowa ta koma gidanta ta murza ta shanya, gobe ta kawo a auna a biya ta. Duk mai aiki tana da hannun jari, riba a raba. Yau mata fiye da 40,000 ke cikinta, kayansu na fita ƙasashen waje. Ba su bar gidajensu ba, amma sun haɗa sunansu da awonsu da kasuwarsu wuri guda. Mi ya raba waina tasu da ƙuli-ƙulinmu ko gabu ko daddawa, in ba tsari ba?

Shi ya sa ban yarda a yi wa ƙungiyoyin Maiyama dariya ba. Shirin nan na Nigeria for Women, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 dominsa a 2018, Kebbi na cikin jihohin farko da aka gwada shi, a Argungu da Ngaski da Maiyama. Ginshiƙinsa shi ne mata su haɗu ƙungiya-ƙungiya, su riƙa zubi duk mako, su ranta wa junansu, su rubuta komai. In ka cire sunan Turancin, adashe ne aka sa masa littafi. Uwar adashe mun san ta tun kafin a haifi Bankin Duniya. Fargabata guda ce: mun saba ganin shiri ya zo da motoci da riguna masu tambari, kuɗi na ƙarewa ya watse. Asma'u ba ta da Bankin Duniya, amma nata ya haura shekara 150. Abin da ya riƙe shi amana ce da manufa da shugabanni daga cikin matan kansu.

To me nake ganin za a iya yi, ba sai an jira Abuja ba?

Na ɗaya, kowace unguwa ta samu jajinta ta kasuwa. Muna da dillalai mata da zawarawa da dattijai masu ƙarfi a jika da ke neman abin yi. A haɗa kayan gidaje goma ko ashirin, dattijuwa ɗaya ko biyu su kai kasuwa ko su zauna a rumfa, a ba su la'adarsu. Ga waya, ga tura kuɗi ta banki. Tire ya sauka daga kan yarinya, ta tafi aji.

Na biyu, in inji zai shigo sana'ar mata, ya shigo da sunansu. Ƙaramin injin casa ko na matsar mai bai fi ƙarfin ƙungiyar mata talatin masu zubi ba. Su ɗauki saurayi ya tuƙa musu shi a kan albashi. Sau uku ana karɓe musu sana'a a bakin inji, kada a bari a yi na huɗu.

Na uku, mu maza. A raba gado a miƙa wa kowace nata da shaidu da takarda. In ka ranci kuɗin matarka, ka biya kamar yadda za ka biya ɗan kasuwa. Limamanmu su taɓa wannan a huɗuba kamar yadda suke taɓa talla.

Na huɗu, 'yan'uwanmu mata da suka yi karatu, ma'aikata da malaman makaranta da ɗaliban jami'ar Aliero. Ku ne jajin wannan zamani. Awa biyu a mako kin zauna da ƙungiyar unguwarku kin koya musu rubuta shiga da fita, da raba uwar kuɗi da riba, da yadda ake rajistar ƙungiya, ya fi taron bita goma a otal. Mu ma da ke ofisoshi, in takardar ƙungiyar mata ta zo teburinmu, kada ta kwana don ba su da wanda zai bi musu sawu.

Kafin in baro gida na biya wurin Yayata. Na tarar da ita bakin murhu tana juya gyaɗa, autarta na wanke tire. Na ce, "Yaya, yarinyar nan ba ta tafi makaranta ba yau?" Ta ɗago ta dube ni ta yi murmushi, ta ce, "Ɗan boko, in ta tafi wa zai kai mini kaya tasha? Kai?" Na rasa ta cewa. Mun dai rabu a kan cewa daga wannan zangon karatu ni zan riƙa biyan wata dattijuwa maƙwabciyarta la'adar kai kaya, yarinya ta koma aji. Gida ɗaya ke nan a cikin dubbai, kuma na makara da shekara talatin.

Ƙanena da muka yi hira a wurin suna, na san kana karantawa. Ba faɗa ba ne. Ka je ka tambayi Inna da me aka saya maka fom ɗin jami'a, sai mu ci gaba da magana.

Wanda kakarsa ta yi kaɗi, ko yake da labarin wata jaji ko uwar adashe a garinsu, ya ba mu mu ƙaru. Inda na yi kuskure a gyara mini. Allah Ya jiƙan iyayenmu mata da suka riga mu, Ya saka wa waɗanda ke raye da Aljanna, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu. Amin.